Jifan ƙwallo a wasan softbol da raunukan da yake haifarwa

Softbol ɗan'uwan besbol ne, wasan da ake jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda, sai dai a cikinsa ta ƙasa ake jefa ƙwallo, hannu na wucewa ta gefen ƙugu. A wasan manyan mata, tazarar mai jifa da mai duka ƙafa 43 ce, wato mita 13 da 'yan kai.

Tarihi

A birnin Chicago na Amurka wasan ya samo asali a 1887, kuma George Hancock ake dangantawa da ƙirƙirarsa. A cikin ɗaki aka fara buga shi. Sunan softbol ya zo daga baya, wajen 1926. Masu jifa na zamanin da sun fi amfani da salon majajjawa: a ja hannu baya, a cillo shi gaba ba tare da ya kewaya ba. Da shi Joan Joyce ta yi suna, wadda a wani wasan baje koli a farkon shekarun 1960 shahararren ɗan besbol Ted Williams ya kasa dukan jifanta. Sannu a hankali salon da Amurkawa ke kira windmil, wato fanka mai juyawa da iska, ya mamaye fagen. Wasan ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996.

Yadda jiki ke aiki

A salon windmil, mai jifa kan tunkuɗa da ƙafa ɗaya, ta yi dogon taku da ɗayar, hannu ya yi cikakken zagaye ta saman kai. Ƙarfin daga ƙafa da ƙugu yake tasowa. Hannu isar da shi kawai yake yi. Dab da sakin ƙwallo, ƙafar gaba ta cije ƙasa kamar birki, hannun kuma ya gogi ƙugu. A 2012 an auna gudun jifan 'yar wasan Amurka Monica Abbott a mil 77 cikin awa.

Raunuka

An daɗe ana ɗauka jifa ta ƙasa ba ya cutar da kafaɗa. Awon da aka yi tun shekarun 1990, har da na 'yan wasan Olamfik na Atlanta, ya nuna fizgar da kafaɗa ke sha ta yi kusa da ta ɗan besbol. Ƙwanji ne ke riƙe hannun kada ya bi ƙwallo, shi ya sa ciwon gaban kafaɗa, inda jijiyarsa ta maƙale, ya zama ruwan dare. Ana kuma samun ciwon baya, ciwon gwiwar ƙafar da ake dirawa a kai, da tsagewar ƙashin hannu.

Yawan jifa ya fi salon kansa ɓarna. Ƙungiya kan dogara da yarinya ɗaya, ta yi wasa biyu ko uku a yini, ta sake fitowa washegari.

Ƙayyade jifa

Little League, ƙungiyar shirya gasannin yara ta Amurka, ta fara ƙidayar jifa a besbol na yara a 2007. A yawancin gasannin softbol babu irin wannan iyaka, kuma likitoci da masu horarwa na ci gaba da jayayya a kai.