Ba a Soke Tallafin Abincin Tsofaffi a Amurka Ba

Tun da Shugaba Trump ya sa hannu a kan sabuwar dokar haraji da kashe kuɗi ranar 4 ga Yuli 2025, magana ke ta yawo a tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Amurka wai an rufe wa dattawa katin abinci na SNAP, wato shirin gwamnati na tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin sayen abinci. Ba haka ba ne. Shirin yana nan, cikin abubuwan da aka taɓa akwai sharaɗin yin aiki kafin a ci gaba da samun tallafin da kuma batun baƙi.

Duk wanda ya cika shekara 65, sharaɗin aiki bai shafe shi ba ko kaɗan. Haka ma wanda ciwo ko naƙasa ya hana shi aiki, da mai yaro ɗan ƙasa da shekara 14 a gidansa.

Inda ruɗanin yake shi ne 'yan shekara 55 zuwa 64. A da sharaɗin yana tsayawa ne a shekara 54, yanzu an ja shi zuwa 64. Ana son mutum ya nuna awa 80 a wata, ko na aikin albashi, ko na koyon sana'a, ko aikin sa kai. Wanda bai nuna ba, wata uku kacal za a ba shi tallafin a cikin shekara uku. Ba tarar kuɗi ba ce, ba kuma ɗauri ba, kamar yadda wasu ke tsorata mutane. Ana dakatar da tallafin ne, kuma yana dawowa da zarar mutum ya cika awoyin ko ya kawo takardar likita.

Abin da ke ba ni mamaki, dokar SNAP ɗin kanta tana kiran ɗan shekara 60 tsoho wajen lissafi, har tana cire masa kuɗin magani da ya haura dala 35 a wata kafin a auna abin da yake samu. Amma wajen aiki sai ta mayar da shi matashi. Dattijon da ya ƙare ƙarfinsa a tuƙin tasi a Niyok, wa zai ɗauke shi sabon aiki yana ɗan 63?

Batun baƙi kuwa, mai girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, da ya yi shekara biyar da ita yana nan cikin shirin. Cikin waɗanda aka cire akwai 'yan gudun hijira da masu mafakar siyasa da ba su kai ga samun girin kad ba. In wasiƙa ta zo daga ofishin SNAP, kada a ajiye ta a aljihun tebur, a kai wa mai karantawa ya duba ranar da aka ɗiba don ba da amsa.