Shekara 20 ga Ali Kushayb: abin da dokar kotun Hague ta tanada

Tun ranar 9 ga Disamba 2025 da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague ta yanke wa Ali Kushayb ɗaurin shekara 20, maganganu biyu ke ta yawo a wayoyin jama'a. Wasu na cewa an toshe bakin alƙalai ne, shi ya sa ba a rataye shi ba. Wasu kuma na tsoron nan da 'yan shekaru za a sallame shi ya koma Darfur. Duka biyun sun saɓa wa abin da ke rubuce.

Ali Muhammad Ali Abd-Al-Rahman, wanda aka fi sani da Kushayb, jagoran mayaƙan Janjawid ne, 'yan bindigar da suka mara wa gwamnatin Sudan baya a yaƙin Darfur. A watan Oktoban 2025 aka same shi da laifuka 27, ciki har da kisa da fyaɗe da azabtarwa, waɗanda aka aikata a kan 'yan ƙabilar Fur a Kodoom da Bindisi da Mukjar da Deleig tsakanin 2003 da 2004. Dokar yaƙi tana kare farar hula da waɗanda aka kama da duk wanda ya ajiye makami.

Batun rataya kuwa, wannan kotu ba ta da ikon kashe kowa. Sashe na 77 na Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa kotun, ya tsayar da ɗauri a kan shekara 30, sai in laifin ya kai matuƙar muni a yanke ɗaurin rai da rai. Masu gabatar da ƙara sun nemi rai da rai, alƙalai suka tsaya a kan 20 bayan sun duba abubuwa irin su tsufansa da kuma miƙa kansa da ya yi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a watan Yunin 2020. Ni dai a ganina shekara 20 ta yi kaɗan ga uwar da aka kashe wa 'ya'ya a Deleig, amma ƙarancin hukunci ba hujjar cin hanci ba ne.

Sashe na 110 shi ne ke ruɗa mutane. Ya ce idan mai laifi ya cika kashi biyu cikin uku na wa'adinsa, kotu za ta zauna ta duba ko a rage masa. Dubawa ce kawai, kuma tana iya ƙi. Da yake ana lissafa zamansa a tsare tun 2020, wannan zama ba zai zo ba sai wajejen ƙarshen 2033, lokacin da ya haura shekara 80.

Masu cewa abin ya daɗe, me ya sa sai yanzu, su sani sashe na 29 ya ce irin waɗannan laifuka ba sa tsufa. Haka nan cewa "umarni aka ba ni" ba ya wanke wanda ya kashe farar hula da gangan.

Inda raina ke ɓaci shi ne masu ba da umarnin. Sudan ba ta cikin ƙasashen kotun, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya miƙa mata batun Darfur a 2005. An ba da sammacin kama Umar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, a 2009 da 2010, kuma kotun ba ta da 'yan sandan da za su je su ɗauko shi, sai in hukumomin Sudan sun miƙa shi da hannunsu.