Guwidak

Guwidak halittar teku ce mai kwasfa biyu, dangin kumba, wadda masana ke kira Panopea generosa. Ana samunta a gaɓar Tekun Fasifik ta Arewacin Amurka, daga Alaska har zuwa Kalifoniya, amma ta fi yawa a mashigin Puget na jihar Washington da kuma ruwayen lardin British Columbia na Kanada. A cikin ire-irenta masu haƙa rami babu wadda ta kai ta girma. Kwasfarta takan kai santimita 15 zuwa 20, amma ba ta isa ta rufe jikin duka ba, domin tana da dogon wuya mai kama da hannun giwa wanda ke iya miƙewa kusan mita ɗaya.

Tun tana ƙarama take nutsewa cikin yashi ko laka, har ta kai zurfin kusan mita guda, daga nan kuma ba ta sake gusawa. Bakin wuyan kaɗai ke leƙowa sama. Kafa biyu gare shi: ɗaya na zuƙo ruwa da ƙananan halittun da take ci, ɗayar na fitar da shi. Idan aka tono babba, ba ta iya sake binne kanta. Rayuwa irin wannan, nesa da mafi yawan abokan gaba, ita ce ke ba ta tsawon rai. Da yawa suna haura shekara 100, an kuma samu wadda ta wuce 160. Ana gane shekarunta ta hanyar ƙirga layukan da ke cikin kwasfar.

An fara kama ta don kasuwanci a Washington a 1970, a British Columbia kuma a 1976. Mai nutso yakan sauka ƙasan teku da iskar da ake turo masa ta tiyo daga jirgi, yana laluben ɗan ramin da bakin wuyan ya bari. Da ya gani, sai ya soka bututu mai feso ruwa da ƙarfi a gefensa, yashin ya saki, ya zura hannu ya ciro ta, sau da yawa cikin ruwan da ya riga ya gurɓace ba a ganin komai. Tunda wurin da aka kwashe yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo, hukumomi ba sa yarda a ɗebi fiye da ɗan kaso kaɗan a shekara. A Washington, hukuncin kotu na 1994 ya tabbatar wa ƙabilun asali masu yarjejeniya da gwamnati haƙƙin rabin abin da ake kamawa.

Kiwonta ya kankama a shekarun 1990. Ana ƙyanƙyashe ƴaƴan a tankuna, sannan idan ruwan teku ya janye a kafa gajerun bututun roba a yashin gaɓa, jere-jere, a zuba uku ko huɗu a kowanne, a rufe da raga saboda ƙaguwa da tsuntsaye. Bayan shekara ɗaya ko biyu, sun yi zurfi, sai a cire bututun. Girbi kuwa sai an jira shekara biyar zuwa bakwai. Mazauna gaɓa da masu kare muhalli sun daɗe suna ƙorafi kan robobin da igiyar ruwa ke tumɓukewa.

Kusan duk abin da aka kama ana tura shi da rai ta jirgin sama zuwa Asiya, musamman Sin da Hong Kong, inda ake yanka wuyan siriri a tsoma a tafasasshen romo. A Japan ɗanye ake ci. Dogaro da kasuwa ɗaya yana da haɗari: a Disambar 2013 Sin ta hana shigo da irin waɗannan halittu daga gaɓar yammacin Amurka saboda zargin guba, masu nutso da yawa suka zauna ba aiki har aka ɗage haramcin a 2014.