Mai rama da aka hana shi abinci iri-iri: ta ina zai fara?

A ɗakin shan maganin da nake aiki, da wuya mako ya wuce ban ga wadda ta rame har zani ba ya zama a ƙugunta ba. Maganarsu ɗaya ce: "Malama, duk abin da na ci ba ya kama jikina." In na tambayi abin da take ci, sai ta hau lissafa abin da ba ta ci. Olsa ta hana ta wake da gyaɗa da mai, madara kuma tana ɓata mata ciki. An bar ta da koko da farar shinkafa. Wannan jerin hani shi ya fi damuna, domin sau da yawa rabinsa ba likita ne ya faɗa ba, a maƙwabta aka ji shi.

Kafin a je ga abinci, a auna tukuna. Ana raba nauyi na kilo da tsawo na mita da aka ninka da kansa. In ya gaza 18.5, akwai rama a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Mai tsawon mita 1.6, alal misali, bai kamata ya gaza kilo 47 ba. Daga nan sai a nemi dalili. Tarin da ya wuce mako 2 tare da zufar dare, a gwada tarin fuka, gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya. Yawan fitsari da ƙishirwa, a duba suga. Tsutsar ciki, ƙanjamau, da maƙoƙon da ke sa bugun zuciya da rawar hannu duk suna cinye mutum ko da yana ci. Ita olsar ma galibi ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma tana jin magani.

Ina roƙonku da Allah ku rabu da sha-ka-fashe, maganin nan da ake sha don a yi ƙiba. Akasarinsa dexamethasone ne. Fuska za ta cika, ciki ya fito, amma ruwa ne da kitse, hannu da ƙafa kuwa sai ƙara sirancewa. Yana tayar da suga da hawan jini, yana rage ƙarfin ƙashi, yana tsananta gyambon ciki. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, akwai haɗari. Ta zo a rage mata a hankali.

Mai rama cikinsa ba ya ɗaukar tulin tuwo, don haka dabarar ita ce a ƙara wa ɗan abin da yake ci ƙarfi. A ci sau 5 ko 6 a yini maimakon 3, kuma kada a cika ciki da ruwa dab da cin abinci. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori, wato ma'aunin ƙarfin abinci, wajen 120. A zuba shi a faten da aka saba ci, ko a dama koko da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ya koma kunun gyaɗa. Ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana ya wadatar, kuma in aka samu rabin kilo a mako, an yi ƙoƙari.

Wanda madara ke sa wa zawo ya jarraba kindirmo kaɗan, domin tsaminsa ya riga ya rage sukarin madarar da ke damun cikin. In shi ma bai karɓe shi ba, ga awara. Mai ciwon suga ya nemi ƙibarsa a ƙwai, kifi, alale, riɗi da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ya ƙyale lemon kwalba da shayi mai tulin sukari. Mai olsa ya dawo da abin da ya daina ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, ya bar wanda ya tabbatar yana tayar masa da ciwo kawai. Gyaɗa kuma a tsince, wadda ta yi fumfuna tana illata hanta.

Mai ciwon ƙoda ne kaɗai zan ce ya dakata da wannan shawarar, domin yawan nama da wake da gyaɗa na iya yi masa nauyi. Shi sai likitansa ya tsara masa. Sauran kuwa, ku hau sikeli ɗaya sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, ku rubuta. In wata 2 ya wuce bai motsa ba, ku dawo mana da takardar.