Laulayi Mai Tsanani da Aiki Daga Gida: Me Dokar Amurka Ta Ce?

A gidajenmu idan mai ciki ta yi kukan laulayi, abin da za ta fara ji shi ne, "Yi haƙuri, kowa da haka ta haihu." To akwai laulayin da haƙuri kan raka mace har ya wuce, akwai kuma wanda ko kurɓin ruwa ba ya zama a cikinta. Shi ne likitoci ke kira hyperemesis gravidarum, kuma yakan kama mace 1 zuwa 3 a cikin 100 na masu juna biyu. Amai ne ba dare ba rana, jiki ya bushe, mace ta rame, wata sai an kwantar da ita an yi mata ƙarin ruwa. Ko Gimbiya Kate ta Ingila sai da ya kai ta gadon asibiti a watan Disambar 2012. Mai irin wannan hali warin jirgin ƙasa da safe ko ƙamshin abincin abokan aiki ya isa ya kayar da ita, alhali in tana ɗakinta, kusa da banɗaki, tana iya taɓa aikin kwamfuta a sa'o'in da ta samu sauƙi.

Ga 'yan'uwanmu mata da ke aiki a Amurka, akwai dokar tarayya da ta shafi wannan kai tsaye. Ana kiran ta PWFA, wato dokar adalci ga ma'aikata masu juna biyu. An sa mata hannu a Disambar 2022, ta fara aiki ranar 27 ga Yuni, 2023, kuma ta hau kan duk ma'aikatar da ke da mutum 15 zuwa sama.

Kafin ta, dokar 1978 ta hana nuna wa mai ciki bambanci, amma sai mace ta nuna cewa an sassauta wa wani ma'aikaci mai irin larurarta sannan ita ma ta samu. Peggy Young, direbar kamfanin aika kaya na UPS, likita ya ce kada ta ɗaga abin da ya wuce kamar kilo 9 saboda ciki, sai ta ƙare a gida ba albashi, kuma shari'arta ba ta samu hukuncin Kotun Ƙoli ba sai 2015, jaririyar har ta shiga makaranta. Sabuwar dokar ta sauke wa mace wannan nauyi. Yanzu ba sai ta kwatanta kanta da kowa ba.

Abin da ta ce a taƙaice: idan kin sanar da wurin aikinki wata larura da ciki ya jawo miki, wajibi ne su yi miki sassaucin da ya dace, sai fa in za su iya nuna cewa yin hakan zai jawo musu wahala ko kashe kuɗi mai yawa. Hukumar EEOC, wadda ke kula da aiwatar da dokar, ta fitar da ƙa'idoji a 2024, kuma ta ambaci tashin zuciya da amai a cikin larurorin, ta kuma ambaci aiki daga gida a cikin sassaucin da za a iya yi.

A nan nake so a fahimce ni da kyau, don kada wata ta shiga ofishin shugabanta da zaton abin da babu. Dokar ba ta ce dole a bar ki ki yi aiki daga gida ba. Abin da ta wajabta shi ne a zauna da ke a tattauna don a samo sassaucin da ya dace. Mai aikin lissafi ko amsa waya hujjarta tana da ƙarfi, musamman in an taɓa yin aikin daga gida lokacin korona. Mai kula da tsofaffi ko mai aikin kanti kuwa, aikinta ba ya ɗaukuwa zuwa gida, don haka ana iya ba ta wani abin: a jinkirta mata lokacin shigowa, a rage sa'o'i, a matsar da ita nesa da wari, a ƙara mata hutu. Har ma dokar ta yarda a ɗage mata wani muhimmin sashe na aikin na ɗan lokaci, in dai za ta iya komawa gare shi nan gaba kaɗan. Wannan tanadi na dokar, a ganina, shi ya fi kowanne amfani ga mai laulayi, domin ciwo ne mai wucewa.

Abu biyu kuma haramun ne a gare su. Ba za su tilasta miki tafiya hutu ba, da albashi ko babu, matuƙar akwai wata hanyar da za ki ci gaba da aiki. Kuma ba za su kore ki ko su rage miki matsayi don kin nemi sassauci ba.

Kunya ce ke cutar da mu a nan. Mun taso ba a faɗin ciki sai ya fito da kansa, ga shi laulayi ya fi tsanani daidai watannin da muke ɓoyewa. Amma dokar tana aiki ne kan larurar da aka sanar. In kin ce "ba ni da lafiya" kawai, ba ki buɗe ƙofar ba. Ki faɗa musu sarari cewa ciki ne ya jawo, kuma ga abin da kike buƙata. Ba a sharɗanta rubutu ba, amma ki tura imel mai kwanan wata, ki ajiye kwafi a wayarki. Ki faɗi kwana nawa a mako kike nema, da yadda aikin zai gudana, ki kuma ba da lokacin da za a sake dubawa. Suna iya neman takardar likita kan aiki daga gida. Ta isa in ta tabbatar da larurar da sassaucin da ake buƙata, ba sai an zazzage musu tarihin lafiyarki ba.

In suka ƙi, ko suka yi ta jan ƙafa, ana kai ƙorafi ga EEOC cikin kwana 180, a jihohi da yawa har kwana 300. Idan kuma jikin ya ƙi gaba ɗaya, dokar FMLA tana ba da hutun mako 12 ba albashi ga wadda ta shekara a ma'aikata mai mutum 50 zuwa sama, ta kuma yi aikin sa'o'i 1,250 a shekarar. Sai dai duk makon da kika ci yanzu, daga cikin na jego ake cire shi.