Ma'anar kalmar "odisi": tafiyar da ta koya wa jarumi kame baki

Duk wanda ya taɓa karanta rubutun da ke bayan motar Honda Odyssey a tasha, ko ya ji labarin kumbon Mars Odyssey da Amurka ta harba a 2001, ya riga ya gamu da kalmar. A Turancin yau, odisi na nufin doguwar tafiya mai wahala da kewaye-kewaye, wadda mutum ba ya fitowa daga cikinta yadda ya shiga.

Asalinta daga sunan mutum ne: Odisiyus, sarkin tsibirin Itaka a ƙasar Girka. Labarinsa na cikin wata doguwar waƙa mai layuka sama da 12,000 da ake jingina wa mawaƙi Homa, wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Shekara 10 ya yi a yaƙin Taroi, ya ƙara wasu 10 yana neman hanyar gida.

Mu kan ce tafiya mabuɗin ilimi. Abin da ya kama zuciyata a waƙar shi ne irin ilimin. Odisiyus bai dawo da ƙarin ƙarfin damtse ba, dama can jarumi ne mai wayo. Abin da ya rasa da farko shi ne iya danne zuciya.

A dubi abin da ya faru a kogon Folifimus, dodon nan mai ido ɗaya. Ya toshe ƙofa da ƙaton dutse, ya cinye mutum shida daga cikin mutanen Odisiyus. Odisiyus ya ce masa sunansa "Ba-kowa", ya ɗirka masa giya har barci ya kwashe shi, sannan suka tsone masa ido da icen zaitun da suka fiƙe suka gasa a wuta. Dodo ya yi ta kururuwa cewa Ba-kowa na kashe shi, maƙwabtansa suka koma makwancinsu. Da safe Odisiyus da mutanensa suka sulale a ƙarƙashin cikin raguna. Magana ta ƙare ke nan, da ya yi shiru. Amma da jirgi ya bar gaɓa, girman kai ya motsa. Mutanensa na roƙonsa ya bari, ya ɗaga murya ya faɗi sunansa, da na ubansa, da na garinsu. Baki shi ke yanka wuya! Da wannan suna dodon ya kai ƙara wurin ubansa Fosaidon, wanda Girkawan wancan zamani suke ɗauka ubangijin teku ne.

Da jirage 12 ya baro Taroi. Ko ɗaya bai kai gida ba, kuma babu mutum guda cikin mutanensa da ya tsira. Wannan wajen na yi mini ciwo duk lokacin da na tuna, don darasin nasa rayukan wasu ne suka biya kuɗinsa. Shekara bakwai ya yi tsare a tsibirin aljana Kalifso, yana zama bakin teku yana kuka. Ta yi masa tayin rayuwa ba mutuwa, ya ce gida yake so.

Homa yana yawan yi masa kirari da folutlas, wato mai yawan jurewa, kuma sai a Itaka ake ganin cikar kirarin. Mutumin da ya kasa ɓoye sunansa a kan teku ya shiga gidansa cikin tsumma kamar mabaraci, ya tarar da maneman matarsa Fenelofi, su 108, suna cinye masa dukiya. Tsohon karensa Argos, kwance a kan juji, ya gane shi, ya kaɗa wutsiya. Odisiyus ya kau da kai ya share hawaye, ya wuce. Wani cikin maneman, Antinus, ya jefe shi da kujerar ɗora ƙafa a kafaɗar dama. Ko gezau bai yi ba, kai kawai ya girgiza.

Da dare, yana kwance a bakin zaure, fushi ya taso masa har ya kusa tashi ya yi kisa tun lokaci bai yi ba. Sai ya bugi ƙirjinsa, ya ce wa zuciyarsa ta daure, ai ta ga abin da ya fi wannan muni ranar da dodo ke cin mutanensa a kogo. Ya kwana yana juyi, bai faɗa wa kowa cikin maneman ko shi wane ne ba sai washegari, da baka a hannunsa.