Waiwaye: Yadda allurar dole ta raba kan jama'a a zamanin korona

Ranar 8 ga Disamban 2020 aka yi wa Margaret Keenan, wata dattijuwa 'yar shekara 90, allurar rigakafin korona ta kamfanin Pfizer a birnin Coventry na Ingila. Ita ce ta farko da aka yi wa wannan allura ba a cikin gwaji ba, kuma da aka turo ta a keken marasa lafiya ma'aikatan asibitin sun jeru suna tafa mata. A lokacin, gardamar da ake yi ita ce wa za a fara yi wa, domin allurar ba ta wadata ba. Shekara ba ta zagayo ba sai ga gwamnatoci suna dakatar da ma'aikata, suna cin tara, suna hana shiga gidan abinci, duk a kan waɗanda suka ce ba za a yi musu ba.

Rigimar ta girmi korona nesa ba kusa ba. A 1853 Ingila ta wajabta yi wa jarirai rigakafin agana cikin wata uku da haihuwa, daga baya aka tsananta dokar har ana ɗaure iyayen da suka ƙi biyan tara. A 1885 dubban mutane suka cika titunan Leicester, ɗauke da akwatin gawar yaro da mutum-mutumin Edward Jenner, likitan da ya soma wannan rigakafi a 1796. Sai a 1898 majalisa ta sassauta, ta ba uban da zuciyarsa ba ta kwanta ba damar neman takardar keɓewa. A Rio de Janeiro ta Brazil kuwa, tarzoma ce ta ɓarke a Nuwamban 1904, kuma ba abin mamaki ba ne, don ma'aikatan lafiya sun saba kutsawa gidajen talakawa da rakiyar 'yan sanda. An rasa rayuka, gwamnati ta jingine dokar, sannan a 1908 agana ta dawo ta yi wa birnin ɓarna. A Amurka wani fasto mai suna Henning Jacobson ya ƙi allurar, ya kuma ƙi biyan tarar dala 5, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli. A 1905 kotun ta ce jiha tana da hurumin tilastawa idan lafiyar jama'a na cikin haɗari, kuma wannan hukunci ne lauyoyi suka sake zarowa a 2021.

Abin da ya ingiza gwamnatoci a zamanin korona shi ne gadon asibiti. Mai korona da numfashinsa ya sarƙe yakan yi makonni a sashen kulawa ta musamman, ana ba shi iskar oksijin, wani lokaci sai ma'aikata biyar ko shida sun haɗu kafin a kifa shi rub da ciki don huhunsa ya samu sarari. Gadon ba ƙarfe da katifa kaɗai ba ne. Sai da ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya a kansa dare da rana, ita kuwa ba a horar da ita cikin wata guda. Idan gadajen suka cika, mai bugun zuciya da wanda ya yi hatsarin mota da mai jiran aikin daji su ne ke kwana a ciki. Duniya ta ga motocin soja suna kwashe gawarwaki daga Bergamo ta Italiya a Maris na 2020, ta ga oksijin ya ƙare a Manaus ta Brazil a farkon 2021, ta ga abin da nau'in korona na Delta ya yi wa Indiya bayan 'yan watanni. A Satumban 2021 jihar Idaho ta Amurka ta ba asibitocinta izinin zaɓen wanda za a fara cetowa idan kayan aiki sun gaza, lardin Alberta na Kanada ya nemi agajin soja. Likitoci a waɗannan wurare suna ta nanata cewa mafi yawan waɗanda ke kwance a sashen kulawa ta musamman ba su yi allurar ba.

Daga nan dokokin suka yi ta fitowa. Ranar 12 ga Yulin 2021 Shugaba Emmanuel Macron ya shaida wa Faransawa cewa dole ma'aikatan lafiya su yi allurar kafin 15 ga Satumba, kuma ba mai shiga gidan abinci ko jirgin ƙasa mai dogon zango sai da takardar shaidar allura, gwaji ko warkewa. Cikin kwana guda kusan mutum miliyan ɗaya suka nemi a sa musu ranar allura. Kowace Asabar kuma tituna suka riƙa cika, wani makon masu zanga-zangar sun haura dubu 200. Italiya ta wajabta takardar ga kowane ma'aikaci daga 15 ga Oktoba, ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Trieste suka tare ƙofa. Girka ta sa wa 'yan sama da shekara 60 da suka ƙi allurar tarar yuro 100 kowane wata. Singafo ta ce wanda ya ƙi allurar da gangan zai biya kuɗin jinyarsa da kansa. Shugaba Joe Biden na Amurka ya umarci kamfanoni masu ma'aikata 100 zuwa sama su tabbatar da allura ko gwajin mako-mako. Ana wannan ne fa alhali a ƙarshen 2021 waɗanda aka yi wa cikakkiyar allura a Afirka ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, galibi saboda ba ta iso ba.

Kuskure ne a zuba masu adawar a kwando guda. Akwai masu yaɗa tatsuniyar cewa an sa na'urar leƙen asiri a cikin allurar, akwai 'yan tsattsauran ra'ayi irin waɗanda suka fasa hedikwatar ƙungiyar ƙwadago ta CGIL a Rum. Amma akwai wanda ya riga ya yi korona ya warke yana tambayar me ya sa ba a lissafa garkuwar jikinsa, akwai matar da ta ji labarin daskarewar jini bayan allurar AstraZeneca, da uban da ya ji na kumburin zuciya ga samari bayan ta Pfizer ko Moderna. Waɗannan illoli gaskiya ne, sai dai ba kasafai suke faruwa ba, kuma haɗarin cutar kanta ga yawancin mutane ya fi su girma. Akwai ma waɗanda sun yi allurar amma ba su yarda a raba mutum da abincinsa a kanta ba. A ganina hukumomi da dama sun yi gaggawar kiran kowa jahili, kuma Macron bai taimaka ba da ya fito a Janairun 2022 ya ce, da kalma mai kaushi, yana so ya gallaza wa waɗanda suka ƙi.

A cikin asibitin ne lamarin ya zama gaba kura baya siyaki. An kafa dokar don a rage wa asibiti nauyi, amma duk ma'aikaciyar jinyar da aka sallama gado ne aka rufe. Faransa ta dakatar da kimanin ma'aikata 3,000 a ranakun farko. Lardin Quebec na Kanada ya ɗaga wa'adinsa, sannan a Nuwamban 2021 ya haƙura, don ba shi da waɗanda za su maye gurbin dubban da za su tafi. Ingila ta tilasta wa masu kula da gidajen tsofaffi, amma da wa'adin ma'aikatan hukumar lafiya ta NHS ya matso, ministan lafiya Sajid Javid ya janye a ƙarshen Janairun 2022. Su kuwa ma'aikatan da aka tafa wa a 2020, a Kanada sai da suka riƙa ratsa masu ihu da kwalaye kafin su shiga aiki, har majalisa ta yi dokar hukunta mai tsoratar da su.

Nau'in Omicron, wanda masana a kudancin Afirka suka gano a Nuwamban 2021, shi ya zare wa dokar ƙafa ɗaya. Hujjoji biyu aka gina ta a kai: allurar tana hana ka kwanciya asibiti, kuma tana rage yiwuwar ka shafa wa wani. Ta farko ta tsaya daram. Ta biyu ta yi rauni ƙwarai, domin masu allura biyu ma sun riƙa kamuwa suna yaɗawa. Ranar 13 ga Janairun 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta dakatar da umarnin Biden kan kamfanoni, ta bar na ma'aikatan lafiya. Ostiriya ta zartar da dokar tilasta wa kowane baligi a Fabrairu, da tarar da za ta iya kai yuro 3,600, ta jingine ta a Maris, ta soke ta daga baya ba tare da an ci tarar kowa ba. Majalisar Jamus ta yi watsi da nata ƙudurin a Afrilu.

Zanga-zanga mafi zafi ta zo ne a daidai wannan lokaci da dokokin suka fara sanyi. Daga 15 ga Janairun 2022 Kanada ta wajabta allura ga direbobin manyan motoci masu tsallaka iyaka, a ƙarshen watan tireloli suka mamaye tsakiyar Ottawa, suka yi mako uku ana danna oda dare da rana. An toshe gadar Ambassador da ke haɗa Windsor ta Kanada da Detroit ta Amurka kusan mako guda, har masana'antun mota suka rage aiki. Ranar 14 ga Fabrairu Firaminista Justin Trudeau ya yi amfani da dokar ta-ɓaci ta 1988 a karon farko, aka rufe asusun bankin wasu daga cikin masu zanga-zangar. A Wellington ta New Zealand an yi zaman dirshan sama da mako uku a harabar majalisa, aka tashi da gobara ranar 2 ga Maris.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage matakin gaggawa ranar 5 ga Mayun 2023, a watan ne kuma Faransa ta mayar da ma'aikatan da ta dakatar. Amma shari'ar ba ta ƙare ba. Kwamitin bincike na mai shari'a Paul Rouleau ya ce gwamnatin Trudeau ta cika sharuɗɗan ta-ɓacin, sai ga Kotun Tarayya a Janairun 2024 ta ce ta wuce gona da iri. Rundunar sojin Amurka ta kori sama da mutum 8,000 kan ƙin allurar, a Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a ba su damar komawa bakin aiki. Wata guda bayan haka Robert F. Kennedy Jr., wanda ya daɗe yana sukar allurar rigakafi, ya zama sakataren lafiya, a daidai lokacin da ƙyanda ta ɓarke a yammacin Texas ta kashe yara biyu da ba a yi musu rigakafi ba.